Makaɗan Fadar Mannheim, Gwanayen Ɗaga Sauti

Mawaƙi ɗaya yana iya fara waƙa ƙasa-ƙasa, ya yi ta ɗaga murya har ta cika fili, ba wanda zai yi mamaki, tunda maƙogwaronsa ne. Amma a tara makaɗa kamar 50, wasu da goge, wasu da sarewa da ƙaho, a ce su fara da raɗa, su riƙa ƙara ƙarfi tare sannu a hankali, kada wani ya riga wani, kada kuma kiɗan ya ƙara sauri, wannan kam sai gwanaye. A nan ne makaɗan fadar Mannheim da ke Jamus suka yi wa sauran Turai fintinkau a tsakiyar ƙarni na 18.

Garin yana kudu maso yammacin Jamus, inda kogin Neckar ya faɗa cikin kogin Rhine. A ƙarshen shekarar 1742 Karl Theodor ya hau gadon sarautar yankin yana ɗan shekara 18. Shi kansa yana busa sarewa, kuma bai yi ƙyashin kashe dukiya wajen tattaro makaɗa ba. Wanda ya gina masa ƙungiyar shi ne Johann Stamitz, mai gogen Turawa, haifaffen Bohemiya a 1717. Zuwa 1750 an damƙa masa ragamar makaɗan fada. Ya rasu a 1757 bai cika shekara 40 ba, amma tarbiyyar da ya ɗora yaransa a kai ta ci gaba bayansa.

Tarbiyyar nan daga hannu take farawa. Mai goge yana ƙara sauti ne ta hanyar danna sandar goge a kan tsirkiya, da saurin janta, da matsar da ita kusa da ɗan katakon da tsirkiyoyin suka hau. Idan masu goge 20 suna jan sandunansu kowa yadda ya ga dama, wannan sama wancan ƙasa, sautin zai fito da gargada, domin jan sanda ƙasa ya fi tura ta sama nauyi. Stamitz ya horar da su har sandunan suka koma tashi tare, sauka tare. Akwai kuma wata jarabawa da duk makaɗi ya sani: da zarar an ce a ƙara ƙarfi, sai jiki ya so ya ƙara sauri, ko kuma mutum ya zuba ƙarfinsa duka tun da wuri, a zo ƙarshe babu abin ƙarawa. Mutanen Mannheim sun iya tsimin ƙarfi. Manyan goge masu kaurin murya za su riƙe sauti guda suna maimaitawa, ƙananan kuma su ɗauki wata gajeriyar gaɓa suna hawa da ita mataki-mataki, daga baya masu busa su shigo, ƙahoni su biyo. Mai sauraro yakan ji abin kamar hadarin da ya haɗo daga gabas, tun yana jin iskarsa daga nesa har ya rufe shi. Wani lokacin kuma, daidai inda kiɗan ya kai ƙololuwa, sai kowa ya ɗauke hannu, ɗaki ya yi tsit, sannan a sake fashewa. Shirun nan ma aiki ne, domin mutum ɗaya ya makara da ƙiftawar ido ya ɓata shi.

Kuma babu wani mai tsayawa a gaba yana kaɗa sanda kamar yadda ake yi yanzu. Shugaban yana cikin masu goge, kayan aikinsa a hannu, da kai da gwiwar hannu da ido yake ba da umarni.

Abin da ya fi burge ni game da su shi ne masu tsara kiɗan su ne masu kaɗa shi. Franz Xaver Richter mawaƙin fadar ne mai kaurin murya. Anton Fils yana kaɗa babban goge. Ignaz Holzbauer, mutumin Vienna, ya zama shugaban kiɗan fadar a 1753. Christian Cannabich, ɗan garin, almajirin Stamitz ne, shi kuma ya gaji jagorancin masu goge. Wanda yake rubuta wa abokan zamansa kiɗa ya san numfashin kowane mai busa da iyakar yatsun kowane mai goge, saboda haka yakan rubuta abin da zai fito da bajintarsu. Da haka ne kayan busa suka samu bakin magana a cikin simfoni, maimakon su tsaya rakiyar goge. Stamitz yana cikin na farkon da suka mayar da simfoni kashi huɗu a kai a kai, da kiɗan rawa na minuwet a kashi na uku, tsarin da Haydn da Mozart da Beethoven suka bi daga baya.

Gaskiya ce, ba su ne suka ƙago ɗaga sauti ba. Masu tsara kiɗan wasan opera na Italiya, irin su Niccolò Jommelli, suna yin sa. Laƙabobin da ake yi wa salonsu a yau, kamar "rokar Mannheim" ga sautin da ke cillawa sama da gudu, masana ne suka yayata su a farkon ƙarni na 20, musamman Hugo Riemann. Wannan bai rage musu komai ba a wurina. Kowa ya ji abin a Italiya, amma a Mannheim aka zauna aka gwanance da shi har baƙi suka riƙa yin takakkiya don su ji. Baturen Ingila Charles Burney, marubucin tarihin kiɗa, ya saurare su a 1772 a Schwetzingen, inda sarkin yake zama a lokacin zafi, ya kuma yaba musu matuƙa.

Mozart ya iso Mannheim a ƙarshen Oktoban 1777 yana ɗan shekara 21, yana neman aiki a fada. Ya zauna har Maris ɗin 1778, aikin bai samu ba, amma kunnensa ya ƙaru. A wasiƙunsa ga mahaifinsa ya yabi Cannabich a matsayin jagoran da yaransa ke ƙauna kuma suke shakka, ya yabi natsuwar makaɗan da mutuncinsu, ya kuma yi ƙorafin cewa a garinsu Salzburg ba su da kilarinet. Simfonin da ya rubuta a Paris a 1778 shi ne na farkonsa da ya sa wa wannan abin busa. Rokar nan kuwa ita ce ta buɗe kashin ƙarshe na simfoninsa mai lamba 40.

A shekarar 1778 Karl Theodor, wanda ya gaji sarautar Bavariya, ya tashi da fadarsa zuwa Munich, akasarin makaɗan suka bi ubangidansu. Su ne suka kaɗa wa Mozart wasansa Idomeneo a can a Janairun 1781, Cannabich yana jagora.

Yau sunan Stamitz ba ya tashi kamar na Mozart, kuma an yi masa rashin adalci. Ya bar simfoni sama da 50, da yawa an naɗe su, suna nan a intanet. Mai karatu ya nemi na uku a jerin da ake kira La Melodia Germanica, ya saurari kashin farko a inda babu hayaniya, kada kuma ya taɓa makunnin ƙara sauti, ya bar wa makaɗan aikinsu.