Notin da Ya Cije: Nazari kan Aikin Kanikawan Babur a Ƙasar Yauri

A garejin babura, juyen baƙin mai shi ne aikin da ake miƙa wa ƙaramin yaro. Maigida yana can yana fama da injin da aka sauke, ɗan kabu-kabu ya tsaya da robar mai a hannu yana gaggawa, sai a ce wa yaron da bai daɗe da fara koyo ba ya ɗauki sifana ya kwance. Haka ake yi a bakin titin Yelwa, haka ake yi a Wara ranar kasuwa, haka a garuruwan Shanga. Daga wannan aikin da aka raina ake samun matsalar da takan cinye wa bakanike rabin yini: notin matacin mai ya cije, kansa ya suɗe, sifana sai zamewa take yi.

Babur a wannan ƙasa yana tsufa da wuri, kuma da dalili. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tabki ya cinye tsibirai da garuruwa, aka sake tsugunar da mutum fiye da dubu 40, Gungawa da Kambari da sauransu. In ka sauka daga babban titin da ya taso daga Kwantagora ya bi ta Yelwa zuwa Koko da Jega, yawancin hanyoyin da ke kaiwa tungayen bakin ruwa na ƙasa ne. Babur ke fito da albasa da kifi da shinkafa, shi ke kai mara lafiya asibiti. Ana ɗora shi a jirgin ruwa a Zamare a tsallaka da shi Rofiya, a sauke shi cikin ruwa da taɓo. Ruwan tabkin kuma duk shekara sai ya cika ya janye, ya bar laka a inda hanya take. Ƙasan injin ne ke shan duk wannan. Jikin injin alminiyam ne, yawancin notuna ƙarfe ne, kuma idan waɗannan biyun suka daɗe a haɗe cikin danshi, wani farin gari yakan fito a tsakaninsu ya riƙe zaren notin gam. Ga shi tun 2023 da aka cire tallafin fetur, darajar naira kuma ta faɗi, kayan gyara sun yi tsada, wanda a da zai sayar da tsohon babur ya ƙara kuɗi ya sayi sabo yanzu lallaɓa shi yake yi.

Da yawa daga cikin baburan China da ke yawo a yankin, injinsu kwaikwayon Honda CG125 ne, wanda ya fito a 1975. Kamfanin ya ƙera shi ne musamman domin ƙasashen da ba a cika kula da canjin mai a kan lokaci ba, kuma ba shi da matacin takarda irin na mota. Abu biyu ke tace masa mai. Na farko ƴar rariya ce ta waya da ke zaune da sifirin a bayan wani murfi mai kan noti, lamba 24, ta gefen hagu a ƙasa. Na biyu wani kofi ne da ke juyawa tare da karanshaf a cikin murfin dama, yana wurga dattin mai gefe ya manne a jikinsa. Murfin rariyar nan na alminiyam ne, mai laushi, kansa kuma gajere. Matsalar ba ta Yauri kaɗai ba ce. Masu tsohuwar Honda CB750, wadda ta fito a 1969, a Amurka da Ingila sun daɗe suna kuka da notin matacinta mai ƙaramin kai lamba 12, har aka riƙa ƙera musu madadinsa mai lamba 17.

Danshi da tsufa suna da nasu laifin, amma a ganina yawancin notunan da suka suɗe hannun mutum ne ya suɗe su, kuma a juyen da ya gabata aka shuka abin. Mai babur yana tsoron yoyo, sai ya ce, "Oga, a ɗaure shi da kyau." Yaro kuma yana tsoron faɗan maigida, sai ya taka sifana da ƙafa. Alhali abin da ke hana yoyo ba ƙarfin ɗauri ba ne, ƴar robar zobe ce da ke jikin murfin, ko washa a notin da ke da ita. In ta bushe ta tsage, ko an ɗaure da ƙarfin ƙato sai mai ya tsattsafo. Ɗaurin da littafin gyara ya nema wa wannan murfi bai wuce a rataya nauyin kilo 8 a ƙarshen sifana mai tsawon santimita 20 ba. Yaro ɗan shekara goma sha biyu zai yi shi da hannu ɗaya.

Sai kuma kayan aikin. Sifana mai buɗaɗɗen baki gefe biyu kawai take kamawa cikin shida, kuma in ta tsufa bakinta yakan buɗe. Zamewa ɗaya ta isa ta cinye kusurwa. Wani lokaci ma yaron da ke kallon notin ta ƙasa yakan rikice, ya yi ta ɗaurewa yana zaton kwancewa yake yi.

Idan ɓarna ta riga ta auku, a nan ake gane wane ne bakanike. Dabarun kusan kowa ya san su, abin da ke bambanta gwani shi ne wadda yake farawa da ita. Gwani ba ya fara ɗaukar guduma. Zai wanke lakar da ke wurin da burushi da kananzir, don sau da yawa ƙasa ce ta hana soket zama har gindi. Zai ta da injin ya yi zafi, domin alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, sai ramin ya ɗan saki notin ƙarfen da ke cikinsa. Zai ɗan ƙwanƙwasa kan notin a miƙe, ba da ƙarfi ba, don girgizar ta karya farin garin nan. Sannan ya nemo soket mai kusurwa shida, ba mai goma sha biyu ba, wanda ke kama jikin noti maimakon kusurwarsa. Wasu kan goge bakin soket ɗin a dutsen wasa har ya zama daidai, don ya kama ɗan abin da ya rage a gindin kai. Wannan dabarar tana burge ni ƙwarai, don ba ta cin ko sisi, kuma takan gama aikin tun kafin a kai ga ɓarna.

In hakan bai yi ba, sai a sadaukar da notin a ceci injin. Ana buga soket da ya ɗan fi shi ƙanƙanta ya shige da ƙarfi, ko a sa magagari a fitar da gefe biyu sababbi, a kama da filaya mai kullewa. Bayan su ne cizal ke shigowa: a sare ɗan gurbi a gefen kai, a kwantar da cizal, a riƙa bugawa ta hannun kwancewa. A murfin rariya wannan yana aiki sosai saboda fuskarsa mai faɗi ce. Amma tazarar da ke tsakanin murfin da jikin injin kaɗan ce, kuma cizal in ya zame, alminiyam ba ya lanƙwasawa, tsagewa yake yi. Murfin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba sai ya jawo sauke inji.

Dabara ta ƙarshe ita ce a tura babur wurin mai walda ya liƙa sabon noti a kan tsohon. Zafin waldar kansa yana taimakawa wajen sakin zare. Sai dai a kan notin ƙarfe kawai take yiwuwa, waldar lantarki ta bakin titi ba ta kama murfin alminiyam. Kuma ana sakaci da abubuwa masu haɗari: tankin fetur yana sama kaɗan, ga tiyon kafireta, ga batir da akwatin wuta da ya kamata a cire wa waya. Wayar ƙasa ta injin walda a jikin notin ya kamata a maƙala ta. In aka maƙala ta can nesa, wuta takan bi ta cikin boris ta ƙona shi, mai babur ba zai ji ƙarar ba sai bayan kwanaki, kuma ba zai danganta ta da waldar ba.

Wannan ilimi ne na gaske, kuma mutanen da suka tara shi da kayan aiki kaɗan sun cancanci girmamawa. Yawancinsu su ne dai ke gyaran injin ban-ruwan masu albasa da janareta. Abin da ke damuna shi ne inda sana'ar ta ajiye yabonta. Wanda ya fitar da notin da ya gagari kowa, sunansa yakan zagaya tasha. Wanda baburan da yake yi wa juye ba su taɓa cijewa ba, babu mai ambatonsa. Yaro kuwa abin da ake yabo shi yake koya, sai ya iya cizal tun bai san ɗaurin da ya isa ba. In zare ya mutu, a naɗa masa leda ko zaren buhu a cusa, maimakon a sake yanka zare a sa noti mai ɗan girma.

Babbar asarar kuma a ɓoye take. Kofin da ke cikin murfin dama yana da sukurori masu kan gicciye da ke saurin suɗewa, da wani noti mai tsaga huɗu da ke buƙatar soket nasa na musamman. Saboda tsoron su, gareji da yawa ba sa buɗe shi sam. Ana juye mai, ana zuba sabo, datti yana taruwa a kofin har ya cika ya daina tacewa, ya koma yawo cikin inji yana cin fistin da boris. Mai babur ya ce man jabu ne, wani lokaci kuma da gaskiyarsa, amma ba kullum ba.

Ƙungiyoyin kanikawa da ke Yelwa da Wara suna iya haɗa kuɗi su sayi soket mai tsaga huɗu, da sukundireban bugu, da saitin yanka zare, a riƙa ara. Maigida kuma ya ajiye ledar robobin zobe da washa kusa da robobin mai, ya sa kuɗinsu cikin kuɗin juye. Yaron da zai yi juyen farko a tsaya a kansa, a sa shi ya shigar da murfin da yatsu har ya zauna, sannan a ba shi gajeriyar sifana.