4.3 Tsokaci a kan Gidajen Horon Matasa da Matsayin Tambuwal da Kebbe

Wannan fasali zai yi tsokaci ne a kan gidajen da aka tanada domin gyara halin matasa maza masu laifi, waɗanda ake kira Bostal, tare da auna amfaninsu ga matashin da ya fito daga Tambuwal ko Kebbe.

Sunan Bostal ya samo asali daga wani ƙauye da ke kusa da Rochester a Ingila, inda aka fara gwada wannan tsari a 1902. Nijeriya ta kwaikwayi tsarin a dokar da ta fara aiki a 1962, wadda ta ba kotu damar tura matashi ɗan shekara 16 zuwa 21 gidan horo maimakon gidan yari. Manufar ita ce a raba shi da manyan fursunoni, a koya masa karatu da sana'a. Manufa ce mai kyau, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai idan aka dubi yadda ake aiwatar da ita, za a ga naƙasu iri biyu.

Naƙasu na farko shi ne nisa. Fitattun gidajen su ne na Kakuri a Kaduna da na Ilori da na Abeokuta, babu ko ɗaya a Jihar Sakkwato. Uban da ke Kebbe wanda aka kai ɗansa Kakuri sai ya yi tafiyar yini guda a mota kafin ya gan shi, ga kuɗin mota, ga barin gona. Ke nan an raba yaro da iyaye da malaminsa da dattawan unguwa, alhali su ne za su karɓe shi ranar da aka sallame shi. Idan kuwa ba a tura shi can ba, makomarsa ita ce gidan yari na manya, inda mai ƙaramar sata zai kwana ɗaki ɗaya da ƙwararren ɓarawo.

Naƙasu na biyu ya shafi sana'o'in da ake koyarwa, irin su kafinta da ɗinki da walda. Waɗannan sun dace da birni. Amma rayuwar mutanen Tambuwal da Kebbe ta dogara ne a kan noman gero da dawa, da aikin fadama, da kiwo. Matashin da ya koyi walda ya koma ƙauyen da wutar lantarki ba ta wadata ba, kuma ba shi da jari, zaman banza zai sake yi, wanda sau da yawa shi ne mafarin laifin.

Dokar 2019, wadda ta sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa Hukumar Gyaran Hali, ta umarci a kafa gidan horon matasa a kowace jiha. Haka kuma gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi ikon mallakar gidajen gyaran hali nasu. Saboda haka matsalar ba ta rashin doka ba ce, ta aiwatarwa ce. Abin da ya dace da wannan yanki shi ne gidan horo mai gona da garken dabbobi a cikin jihar, inda iyaye za su iya zuwa ziyara su koma gida a rana ɗaya.