Alƙalami da Taɓarya: Ma'aunin Fasahar Mata a Ƙasar Dutse

A cikin watan Yuni na 1955 aka ja hankalin masana zuwa ga waɗansu duwatsu a Birnin Kudu waɗanda in an buge su da ɗan dutse su kan yi amo kamar kuge. Bernard Fagg, Baturen kayan tarihi, ya buga bayaninsu a 1956, tare da labarin zanen shanu da ke jikin kogunan wurin, ya kuma ambaci al'adar da ke kai amare wajen duwatsun nan a lokacin bikinsu. Dutse dai a kan auna shi, a ɗauki hotonsa, a kewaye shi da shinge. Amma abin da 'yan mata ke rerawa a gindinsa ba ya shiga shinge, ba ya kuma tsayawa a auna shi da igiya. Haka nazarin fasahar mata ya daɗe yana tafiya: abin da ya zauna wuri ɗaya shi a ke ƙidayawa, abin da ke fita daga baki kuwa a bar shi ya bi iska.

Ƙasar da a ke magana a kanta ita ce ta masarautar Dutse, watau Dutse da Kiyawa da Jahun da Miga da Buji da Birnin Kudu da Gwaram. Kafin a kafa Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta 1991 duk a ƙarƙashin Kano su ke, sabo da haka wanda Allah ya ba wata fasaha a can, in yana so a ji shi, Kano ya ke dosa. Dole mai nazari ya riƙa waiwayen birnin nan, ko da ya ke ba shi ne abin nufi ba.

Mace ɗaya daga ƙasar nan wadda sunanta ya shiga littattafan nazari sosai ita ce Hauwa Gwaram. Ta zauna a Kano, ta koyar da matan aure a ajin yaƙi da jahilci, ta kuma shiga Ƙungiyar Hikima ta su Mudi Sipikin, wadda a ke karanta waƙoƙin 'ya'yanta a rediyo. A 1983 Kamfanin NNPC na Zariya ya buga waƙoƙinta tare da na Hajiya 'Yar Shehu cikin littafin da a ke kira Alƙalami a Hannun Mata, wanda Beverly Mack ta tattara. Lalle littafin ya yi amfani ƙwarai, gama ya rufe bakin masu cewa tun bayan Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, mata sun ajiye alƙalami. Kowane ɗakin karatu na kwalejin horon malamai ya kamata a same shi a ciki.

Amma fa a lura da ƙofar da Hauwa ta shiga. Ta shiga ne ta ƙofar rubutacciyar waƙa, mai baiti da ƙafiya, irin wadda malamai maza suka saba aunawa, sabo da haka ba su sha wuyar karɓarta ba. Mawaƙan zamanin nan, da ita a cikinsu, sun ba da ƙarfi ga waƙoƙin wayar da kai: tsabta, da kiwon lafiyar yara, da neman ilmi, da al'amuran hukuma irin su komawa tuƙi ta hannun dama a 1972, da canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo a 1973, da ƙidayar jama'a ta shekarar nan. Irin wannan waƙa aiki ta ke yi, aikin kuwa mai kyau ne, sai dai ranta gajere ne. Ran da tsohuwar da ke sayar da daddawa a kasuwar Sara ta iya lissafin kwabo, waƙar kwabo ta gama aikinta, ta koma abin tarihi. Waƙar da matar ƙauye ke yi wa kishiyarta a bakin turmi kuwa ba ta tsufa muddin akwai kishi. Ga shi kuwa ta farkon ce ta sami takarda da tawada da sunan mai ita a bango.

Wannan karkata ba yau ta fara ba. Kowa ya san tatsuniya a ɗakin tsofaffin mata a ke yin ta da dare, amma littattafai uku na tatsuniyoyi da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913 malamai maza ne suka rubuto masa su. Littattafan da suka fito daga gasar 1933, su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, babu na mace ko ɗaya. Sai a 1954 muryar wata Bahaushiya ta fito da tsawo a cikin littafi, watau labarin Baba mutuniyar Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a 1949 da 1950. Shi ma da Turanci ya fara fitowa.

To, da wane ma'auni za a auna abin da ba a rubuta ba? A nan ne ɗalibai da yawa ke yin tuntuɓe. Ɗalibi ya kan tafi ƙauyensu lokacin hutu, ya zaunar da gyatumarsa, ta faɗa masa kalmomin waƙar daka yana rubutawa. In ya komo ya shimfiɗa su a takarda sai ya ga layi gajere, ga maimaici, ba ƙafiya mai ɗorewa, ba mabuɗi ba marufi, ba a ma san wanda a ke yi da shi ba. Sai ya rubuta cewa waƙoƙin mata masu sauƙi ne. Ba sauƙi gare su ba. Rabinsu ya ɗauko, ya baro rabi a tsakar gida.

Rabin da ya baro shi ne kayan aiki. Ƙarin waƙar daka ba a cikin gaɓoɓin kalmomi kaɗai ya ke ba, yana cikin faɗuwar taɓarya. Mata biyu ko uku sun kewaye turmi guda, wannan na ɗagawa waccan na saukewa, ga mai lugude tana bugun gefen turmi tsakanin sara da sara, wata ta cilla taɓarya sama ta tafa kafin ta cafe. Layin waƙa dole ya shiga tsakanin saukar taɓarya da saukar 'yar'uwarta, dole kuma ya bar wa mai yi wurin numfashi, don aikin ƙarfi ta ke yi. Gajartar layin ke nan. Maimaicin da ɗalibi ya raina kuwa shi ne amshi, shi ke ba mai bayarwa damar ta shirya abin da za ta jefa nan gaba. Har ma dakan ba iri ɗaya ba ne: sussuka dabam, surfe dabam, ribɗi dabam, dakan fura dabam, kowanne da nauyin hannunsa da saurinsa.

A gwada wannan da waƙar niƙa, sai bambanci ya fito fili. Mai niƙa ita kaɗai ce, a durƙushe, galibi da asuba kafin gida ya tashi, tana tura ɗan dutse gaba tana jawo shi baya. Ba mai amsa mata. Sabo da haka muryarta kan ja da tsawo, ta bi tafiyar hannu, zancenta kuwa ya fi karkata ga begen gida, da tuna uwa, da kukan zaman da ba daɗi. Waƙar daɓe kuma ta taron gayya ce: matan unguwa sun jeru da madaɓai suna bugun ƙasan ɗakin amarya gaba ɗaya, ga raha, ga zolaya, ga maganganun da ba a yi a gaban maza. Aiki uku, jiki uku, waƙa uku. Wanda ya tara su a babi guda ya ce musu waƙoƙin aiki, ya wuce, bai faɗi ƙarya ba, amma bai faɗi kome ba.

Saura batun rashin suna, wanda shi ne ya fi kowanne muhimmanci. Matar Bahaushe ta gargajiya ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na ɗanta na fari, ba ta ɗaga murya ga uwar miji. Kunya ta rufe mata ƙofofin magana kai tsaye, sai ta buɗe ta habaici. A bakin turmi ta kan yi da wata dabba, ko wani tsiro, ko wata mace da ba a ambata ba, alhali wadda a ke nufi tana zaune taku biyar daga nan tana tsinke zogale. Gwaninta a nan ita ce a harba kibiya yadda duk gida za su san inda ta faɗa, amma ba wanda zai iya kai ƙara. In wadda aka yi da ita ta tanka, ta amsa laifi ke nan. In ta yi shiru, ta sha. Hanyar da ta rage mata ita ce ta jira nata dakan ta rama. Mawaƙin fada yana da ƙarfin ambaton suna da asali, mai daka kuwa ƙarfinta a ɓoye suna ya ke. Mai nazarin da ya nemi jigo a cikin kalmomi kaɗai, bai tambayi wa ke zaune a tsakar gida ran nan ba, zai ce waƙar kaza ce ko ta kabewa.

Haka abin ya ke wajen aikin hannu, ko da ya ke ba za a tsawaita a kansa ba. Faifan da a ke kaiwa kasuwar Shuwarin, da hular da matan aure ke ɗinkawa a cikin kulle yara su kai wa dillali, da zanen lalle, ba mai sa hannu a kansu. Jeren ɗakin amarya ma tsari ne na ido, an tashi daga ƙwarya an koma tasa da kwanon fenti, daga nan aka koma tangaran a cikin kabad, amma hannun da ke daidaita babba da ƙarami da launi da launi bai sake ba.

Abin tsoro shi ne fasahar da ke rataye a jikin kayan aiki tana mutuwa tare da shi. Injin niƙa ya shiga ƙauyuka, dutsen niƙa ya koma bayan ɗaki. Siminti ya kori daɓe. Makarantar boko da ta Islamiyya da talabijin sun rage wa dandali 'yan gaɗa. Ba mai hankalin da zai ce a mai da mata ga durƙuson asuba don malamai su sami abin rubutu. Wahala ce aka rage musu, sun kuwa yi murna. Amma wajibi ne a san abin da ya tafi tare da wahalar.

Wani kashi ya tsira ta hanyar sauya wuri. Kiɗan ƙwarya na amada, wanda asalinsa na cikin gida ne a bikin suna da na aure, Uwaliya Mai Amada a Kano da Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, sun fitar da shi zuwa rediyo da kaset da talabijin. Barmani ba ta yar da habaicin tsakar gida ba, ta dai faɗaɗa shi: ta yi da kishiya, ta yi wa mata kirarin haihuwa, ta zaburar da su ga sana'a, ta yi dariyar wadda ta zauna ba ta da abin yi. Wanda ya san waƙar daka zai ji ta a ƙarƙashin waƙar Barmani.

Fim kuwa, wanda a ke ƙidaya farkonsa a Kano daga Turmin Danya na 1990, kuma a ke kallonsa a Dutse da Jahun kamar ko'ina, ya ɗauki rigimar kishiya da ta uwar miji ya mai da su jarinsa, amma ya bar dabarar. A fim kishiya zagi ta ke yi baki da baki, abin da matar ƙauye za ta ɗauka rashin iya magana ne. Waƙarsa ma ta fi jingina ga finafinan Indiya bisa ga gaɗa. Wani abin lura kuma: fuskar da ke motsa baki a allo dabam, muryar da ke fita dabam, ta su Fati Nijar ce ko Maryam A. Baba ko wata zabiyar ɗakin ɗaukar murya. Ita kuwa mai fuskar ita ke ɗaukar zargi, kamar yadda aka gani a 2016 sa'ad da ƙungiyar masu shirya fim ta kori Rahama Sadau sabo da wani bidiyon waƙa. A tsakar gida rashin suna garkuwa ne. Da suna da fuska suka fito fili, garkuwar ta faɗi.

Yanzu akwai Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011, da Jami'ar Sule Lamiɗo a Kafin Hausa, da Kwalejin Ilmi a Gumel, ɗalibansu da yawa kuwa 'ya'yan gidajen nan ne, kowannensu da waya mai ɗaukar murya a aljihu. Malamin da zai tura su tattara waƙa ya fi kyau ya tura ɗalibai mata, don su ne za su wuce zaure. Kada a zaunar da tsohuwa a kan tabarma a ce ta faɗo. A bari sai ana dakan gaske, a ɗauki murya da turmi tare. A rubuta irin dakan, da yawan masu yi, da dangantakar da ke tsakaninsu, da wadda ke bayarwa da masu amsawa. A tambayi mai waƙa daga wa ta koya, da abin da ta ƙara na kanta, gama da yawa daga abin da a ke kira na gargajiya akwai wadda ta ƙaga shi, maƙwabta kuma sun san ta. Sunanta kuwa a tambaye ta tukuna: in ta yarda a sa, in ta ƙi a bar shi, musamman in wadda aka yi waƙar da ita tana nan da rai a gidan.