Fuskar Wa Ke Cikin Hoton? Nazari a kan Ɗaukar Hoton 'Yan Daudu da Masu Galahanga

Mai ɗaukar hoto yana da iko a kan wanda ya tsaya gabansa, ikon nan kuwa yakan ƙaru idan wanda ake ɗauka ba shi da bakin magana a cikin jama'a. Tsakanin 1969 da 1971 Diane Arbus ta ɗauki hotunan masu naƙasar ƙwaƙwalwa a gidajen da ake tsare su a New Jersey ta Amurka. Hotunan suna da kyau ainun, amma babu suna ko ɗaya a ƙarƙashinsu, mai kallo kuma ba ya iya sanin ko an nemi yardarsu. Susan Sontag ta soki Arbus a littafinta na 1977 da cewa ta mai da waɗanda take ɗauka abin kallo.

Timothy Archibald ya bi wata hanya dabam a Echolilia (2010). Shi da ɗansa mai galahanga suka riƙa tsara hotunan tare, watau yaron yana da hannu a yadda aka nuna shi. Wannan ya fi adalci, ko da yake yardar yaro ƙarami ga mahaifinsa ba ta cika yarda ba.

Aikin Zanele Muholi a Afirka ta Kudu, Faces and Phases, wanda aka fara a 2006, ya fi su duka ƙarfi. Matan da ke son mata 'yan'uwansu suna duban kyamara ido da ido, ga suna, ga gari, ga shekara. Amma a 2012 an fasa gidan Muholi a Cape Town, aka sace na'urorin da ke ɗauke da aikin shekaru.

To, wannan hanya ba za ta yiwu a ƙasar Hausa ba. Rudolf Gaudio, wanda ya yi nazarin 'yan daudun Kano a littafinsa na 2009, sai da ya sauya sunayensu. Tun da aka ƙaddamar da shari'a a Kano da Jigawa a 2000, sa'an nan dokar tarayya ta 2014 ta zo da ɗaurin shekara 14, hoton fuskar ɗan daudu na iya zama shaida a gaban alƙali. Yaro mai galahanga a ƙauyukan Birnin Kudu ko Gwaram kuwa, wanda wasu ke kira ɗan ruwa, matsalarsa dabam ce: sau da yawa iyayensa ne ke ɓoye shi idan mai hoto ya shigo gidan suna.