Idon da Ke Gane Bugun Madubi a Tsoffin Sulallan Tagulla na Amurka

Daga 1793 zuwa 1857, gidan buga kuɗi na Filadalfiya ya yi ta fitar da senti na zallar tagulla, mai faɗin kusan milimita 28. Miliyoyi aka buga, suka shiga kasuwa, hannaye suka shafe musu zane. Amma tun wajen 1817 akan ware 'yan ƙalilan a yi musu aiki na musamman, wanda masu sana'ar ke kira furuf, wato bugun madubi. Waɗannan ba na cefane ba ne, na kyautar manya ne da ajiyar masu tara sulalla. A akwatin sulallan da gwamnatin Amurka ta miƙa wa Sarkin Siyam a 1836 akwai irin wannan senti mai ɗauke da shekarar 1834. Gidan bai rubuta adadin da ya buga ba, don haka tantance su ya rage ga ido da haƙuri.

Sai ka san yadda aka yi su kafin ka gane su. Ma'aikaci yakan goge hatimi, wato dunƙulen ƙarfen da aka sassaƙa zanen a kansa, har ya yi sumul. Ya zaɓi faifan tagulla marar tabo, shi ma ya goge shi. Sannan ya ɗora a injin matsa na hannu, ya buga fiye da sau ɗaya, tagullar ta cika kowane lungu na zanen. Sawun wannan aiki gwani ke bi.

Yakan shimfiɗa ƙyalle mai laushi, ya kashe fitilun ɗaki ya bar guda ɗaya. Ya riƙe sulen ta baki, tsakanin babban yatsa da manuniya, kuma ba ya magana a kansa, domin ɗigon yawu kan bar wa tagulla baƙin tabo. Sai ya karkata shi a hankali. A bugun kasuwa haske yakan zagaya fuskar kamar sufokin keke. A bugun madubi filin da ke kewaye da hoton yana da zurfi, idan aka kusanto da bakin fensir sai a ga hotonsa a ciki.

Daga nan ya ɗauko gilashin ƙara girma. Yawanci taurari 13 ne ke kewaye da kan matar da ke jikin sulen, kuma yana so ya ga layukan kowanne sun haɗu a tsakiya. Ya duba silin gashi, da haruffan LIBERTY a kambinta, da ƙananan haƙoran da suka zagaye baki. Bakin kansa ya kamata ya tashi tsaye da kaifi.

A nan gaggawa ke kayar da mutum. Sabon hatimi ma yakan ba sulallan farko na kasuwa ƙyalli mai ruɗi. Shi ya sa gwani ke buɗe littafin Howard Newcomb na 1944, wanda ya ba kowane haɗin hatimi lamba daga 1816 zuwa 1857. Tazarar lambobin shekara, inda tsinin ganyen da ke bayan sulen ya nuna a ƙarƙashin harafi, wata siririyar tsaga, su ke faɗa masa hatimin da aka yi amfani da shi, da ko an taɓa sanin bugun madubi daga gare shi. Ya kuma ɗora a ma'auni, ya ga ko ya kusa giram 10.89.

Saura layuka masu sirantaka. Na gugar hatimi a tashe suke, suna tsayawa a gefen hoton. Na wanda ya goge sulen da tsumma kuwa a nutse suke, suna hawa har kan kunci. Launi ma ana duba shi: ja, ko ja da ruwan ƙasa, ko ruwan ƙasa zalla. Bayan haka ne ake ba shi daraja a ma'aunin 1 zuwa 70 da William Sheldon ya fito da shi a 1949. Sai a bi tsoffin hotunan gwanjo, a daidaita tabo da tabo, har a san hannayen da ya ratsa.

Mai son sauƙi yakan karanta takardar da kamfanin tantancewa ya liƙa ya yi shiru. 'Yan ƙungiyar Early American Coppers, da aka kafa a 1967, sun fi yarda da abin da idonsu ya gani, kuma yawancinsu a jakar auduga cikin ambulan suke adana tagullarsu. Idan Allah ya sa irin wannan sule ya zo hannunka, kada ka wanke shi, kada ka goge shi. Riƙe shi ta baki, ka kai wa wanda ya sani.