Daga Jere Zuwa Baje Koli: Nazarin Nuna Fasaha a Ƙasar da Bindiga Ta Taɓa

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Dutsin-Ma da Kurfi, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. Uwa ta daɗe ba ta ji muryar ɗanta da ke Kano ba. Amma tun kafin nan akwai wani shirun da ya fi wannan tsawo. Rediyo kan ce an kashe mutum kaza, an sace mutum kaza, an kora shanu kaza zuwa dajin Rugu, sai mutanen su ɓace cikin lissafi. Aikin baje kolin fasaha a ƙasar da ke fama da tashin hankali shi ne ya maido su gaban ido, domin gani ya kori ji.

Misalai biyu sun isa a fahimci wannan al'ada. A 2015 Fati Abubakar, 'yar Maiduguri, ta fara ɗora hotuna a Instagram da sunan Bits of Borno. Ta juya kyamararta wajen 'yan kasuwa, 'yan makaranta da masu kwalliyar sallah, don duniya ta ga Borno ba gawa ba ce kawai. A 2022 kuma Prune Nourry, 'yar Faransa, ta haɗa hannu da ɗaliban Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife, suka gina kawuna 108 da yumɓu, aka baje su a Legas don tunawa da 'yan matan Chibok da ba su dawo ba cikin 276 da aka sace a Afrilun 2014. Na farko yana cewa muna nan da rai, na biyu yana cewa kada ku manta da mu.

Sai dai irin wannan nuni yakan fi kallon waje. Wanda ya shiga zauren Legas ya tausaya, ya koma gida, mai ciwon kuwa galibi yana can nesa. Ga kuma abin da ba zai dasu a ƙasar Katsina ba. Mutum-mutumi zai gamu da ƙyamar malamai da iyaye. Fuskar yarinyar da aka karɓo daga daji, in aka liƙa ta a bango, an yaye mata suturar da take buƙata don ta yi aure ta zauna lafiya. A garin da ake tsoron infoma, hoton mutum da sunan ƙauyensu na iya zama ajalinsa.

Maganin yana cikin gida. Matan Hausa sun daɗe da sanin baje koli, sunansa jere. Ranar da dangin amarya suka jera ƙore da fayafai da tasoshi, mata na shiga suna kallo, abin da ɗakin ke faɗa shi ne yarinyar nan tana da asali, tana da gobe. Shi ya sa matar da ta gudo cikin dare da goyo a baya takan ambaci kayan ɗakinta da hawaye. Baje kolin da zai ratsa zuciyar mutanen Dutsin-Ma da Kurfi daga nan ya kamata ya ɗauki darasi: kaya su yi magana, fuska ta huta. Ƙwarya ɗaya da aka tsira da ita. Allon yaro da wuta ta lasa. Fartanyar manomin da gonarsa ta gagare shi shiga. Dangwalin makiyayi babu ɗan maraƙi ko ɗaya a jikinsa. In fartanya da dangwali suka kwanta a tabarma guda, mai kallo zai gane da kansa cewa Bahaushe da Bafulatani duk an yi musu asara. A ƙarshen layi sai a jera abin da hannu ya yi bayan gudun: sabuwar hula, sabon faifai, zanen ɗan firamare, kifin madatsar ruwa ta Zobe a hoto.

Wurin yi da masu yi suna nan. Dutsin-Ma na da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, wadda ita ma aka sace mata ɗalibai mata biyar a Oktoban 2023, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da za a nemi gudummawarsa. Amma kada nunin ya tsaya a harabar makaranta. Ya fito ƙofar fadar 'Yandaka a Dutsin-Ma, ya je ƙofar fadar Maradi a Kurfi, ya shiga kasuwa ranar cinta. A nemi yardar mai kaya, a rubuta bayaninsa da boko da ajami kamar yadda ya faɗa, a yi wa mata ranarsu, abin da aka samu kuma ya koma hannun masu shi.

Zane ba ya tare harsashi, ba ya biyan kuɗin fansa, kuma ba ya ɗauke wa hukuma nauyin tsaro. Abin da yake iyawa shi ne ya sa tsohuwar da ta rasa komai ta ga jama'a sun yi layi suna duban ƙwaryarta, ta miƙe ta ce wannan tawa ce, ga yadda na fito da ita. Wanda aka saurari labarinsa a gaban mutanen garinsu ya fara komawa gida ke nan, ko da ƙafarsa ba ta taka hanya ba tukuna.