Rigakafi: Kalmar da Muka Bar wa Allura

Tsaya a Bata, inda Fagge da Sabon Gari suka haɗa kafaɗa, ka ce da mai tebur ko ɗan adaidaita sahu "rigakafi". Abin da zai fara zuwa ransa shi ne matan nan masu rataye da kular magani, suna bi gida-gida suna ɗiga wa yara maganin shan inna, su shafa musu tawada a ɗan yatsa, su yi rubutu da alli a jikin bango. Kalmar ta tsuke har ta koma sunan allura da ɗigo, alhali ba haka kakanni suka bar mana ita ba.

Gaɓa biyu ce: riga, wato ka gabaci abu, da kafi. Kafi shi ne shingen itatuwa da ake kakkafawa a kewaye gari saboda mahara, shi ya bar mana sunaye irin su Kafin Hausa da Kafin Madaki da Kafin Maiyaki. Akwai kuma kafin gida, layar da wasu ke binnewa don tsari. Ganuwar Kano, wadda tarihi ya ce an fara ta a zamanin Sarki Gijimasu, ita ce uwar rigakafi a ƙasar nan. A duk waɗannan, masu wuri ne ke tashi su yi da hannunsu tun maƙiyi bai ɗaura sirdi ba.

Rigakafin asibiti kuwa daga nesa yake zuwa, a hannun wanda ba ka sani ba, don haka jarinsa amana. A nan kusa aka yi wa amanar rauni. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana, cikin wani gwaji da ya shafi yara kimanin 200, kuma 11 daga cikinsu suka rasu. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Trovan magani ne na wanda ya riga ya kamu, ba rigakafi ba ne, amma rigakafi ne ya ɗauki laifin. Da aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano a 2003, labarin 1996 yana bakin iyaye. Kafin a dawo da shi a 2004 cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai da sarakuna da malamai suka sa baki, aka yi shekaru ana lallashi, har wasu ma'aikatan suka rasa rayukansu a wani hari da aka kai musu a 2013, sannan a 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar.

Illar wannan tsukewa ita ce mun ɗauki rigakafi kayan gwamnati, ana kawo mana, mu karɓa ko mu ƙi. Shiga kasuwar Abubakar Rimi ta Sabon Gari ka ɗaga kai. Wayoyin lantarki sun harɗe a kan rumfuna, ga janareta da jarkar fetur a gindin tulin kwalaye, ga layin da aka bari don mota tebura sun cinye shi har mutum biyu ba sa iya jerawa. Gobarar Maris 2016 ta cinye dubban shaguna a kasuwar nan cikin dare guda, maƙwabciyarta Singa ma ta sha ganin wuta. Duk da haka da wuya ka ji ɗan kasuwa ya kira gyaran waya ko sayen tukunyar kashe gobara da sunan rigakafi. Bayan ta auku sai a ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma addinin da ya koya mana ita shi ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Kowa ya haddace cewa rigakafi ya fi magani, har karin maganar ta daina cizo. Shugabannin 'yan kasuwar Sabon Gari da Singa, ku ne masu kafin yau. Ku sa a duba wayoyin kowane layi kafin hunturu ya kama, ku buɗe hanyar da motar kashe gobara za ta bi, kada ku jira wani ya zo daga ofis ya tuna muku.